Ina ake samun gajerun labarai da na ban tsoro a intanet?

Ƴar Bukoki ta rubuta:

Salamu alaikum jama'ar gida, ina kwananku, ya sanyi. Don Allah taimako nake nema wajen masu karatu. Konjen ƙarshen Disamba, wato hutun makaranta, ya kusa, kuma kamar kullum gidanmu nan Bukoki, a Yamai, cika zai yi da ɗiyan yayyena, wasu daga Tawa wasu daga Doso, ni ce kuma tantin da ake jibge ma su da an yi sallar isha'i. Abu biyu nake so. Na farko don kaina ne, gajerun labarai na Hausa, wanda zan fara in gama a zama guda, cikin taksi ko kafin barci ya kwashe ni, ba irin nobel ɗin gurup na WhatsApp ba da za a yi ta tafiya har feji ya yi nisa yarinya ba ta ma amsa sallamar saurayin ba, kuma da labari ya fara daɗi sai a ce littafi na 2 na kuɗi ne. Ban ce ba su iya ba fa, akwai masu alƙalami mai kaifi ƙwarai a cikinsu, lokacin ne ba ni da shi.

Na biyu kuma na ban tsoro. Yaran nan tun watan Oktoba suka ga abin Halloween a TikTok, kabewa mai ido da haƙora, mutane lulluɓe da farin ƙyalle, suka ɗora mani rigima wai su ma sai an yi masu daren tsoro. Na nema da Faransanci, abin da ke fitowa ko dai jini da yanke-yanke wanda ni kaina ba na iya kallo, ko kuma zanen yara da ko ɗan shekara 5 dariya zai yi. Na buga "labarin aljanu" a YouTube sai ga bidiyon ruƙiyya da masu tallar magani sun cika mani waya. Ni abin da nake so wanda zai sa tsigar jiki ta tashi, yara su matso jikin juna, amma ba wanda zai sa su fitsarin kwance uwayensu su zo su tuhume ni ba. Manyan shekara 12 zuwa 15 ne, ƙananan 6 zuwa 8.

Ku tuna da forfe, wato datar waya, don Allah, ba mu da wifi a gida. Na gode.

Ɗan Geben Zogi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƴar'uwa, lahiya lau, sanyi kam nan Tawa ya fara shiga ƙashi. Abin da kinka ce kan nobel gaskiya ne amma ki san dalili, ba wai ba su iya taƙaitawa ba ne. Marubuciyar WhatsApp da tsawon labari take ci. Za ta saki fejin farko-farko kyauta hat mutane su kamu, sannan ta buɗe gurup na kuɗi, wanda ya biya shi ka ganin ci gaba kullum da dare. To labarin da ya ƙare cikin feji huɗu wa za ta ce ma shi biya? Shi ya sa ko Wattpad kinka shiga, inda nobel ɗin Hausa suke jibge, dogaye za ki tarar, ArewaBooks ma kusan haka. Da can akwai OkadaBooks ta Najeriya, ita kuma ta ruhe ƙarshen 2023.

Inda gajeren labari ke da daraja wajen gasa ne, don can ne ake aza ma marubuci iyaka shi so ko shi ƙi. Ki biɗi Hikayata ta BBC Hausa. Tun 2016 suke yin ta kowace shekara, ta mata ce zalla, kuma ƙa'ida labari shi tsaya tsakanin kalma 1000 da 1500, wato kahin shayi shi huce kin gama. Waɗanda sunka yi fice ana karanta su da murya a rediyo, ki buga sunan gasar za ki ga na shekarun baya. Sai dai in hwaɗa maki tun yanzu, galibinsu ba na nishaɗi ba ne, auren dole, gudun hijira, riƙon maraya, abin da kishiya ta yi, ki ji biyu a jere zuciya ta yi maki nauyi. Wanga naki ne ke ɗaya, kada ki kunna ma yara. Akwai kuma ƙungiyoyin marubuta a Facebook masu sa gasa tsakaninsu, ki buga "gasar gajerun labarai" ki gani, wasu na da kyau ƙwarai, wasu kuwa wa'azi ne tsura anka sa ma sunayen mutane.

Ga yaran manya akwai Ji Ka Ƙaru na DW Hausa, wasan kwaikwayo ne na rediyo kashi-kashi gajeru, ba na tsoro ba ne amma shina riƙe yaro wuri guda, kuma da yake murya ce kawai mega kaɗan shike ci.

Batun forfe: kada ki riƙa kallo kai tsaye. Ki sa forfen dare, lokacin rezo ya fi sauƙi, ki telesharje abin da kike so ki aje. Masu karanta labari a YouTube ai hoto guda ne tsaye da murya, to mi za ki yi da hoto mai kyau? Ki sauke shi zuwa 144p, murya ba ta canzawa. In wata ƙawarki na da wifi wajen aiki ta sauke ta turo maki ta Xender, ko dala ba ki kashe ba. Kuma ki yi sharjin ƙaramin bafur, wato sifika, ki aje tun da rana, kin dai san halin wutar lantarki.

Na tsoro kuwa ni ban samu tashar da zan aza hannu in ce ga ta ba. Yanzu an cika da masu sa na'ura ta rubuta labari ta kuma karanta da wata murya da ba ta san inda ake jan wasali ba, ta ce maki "gari ya waye" awa garin tuwo ne ya waye. Daƙiƙa kaɗan za ki gane su, ki wuce.

Mushe mai ritaya, Harobanda, ya rubuta:

Ɗiyata sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladar zumunci. Ni shawarata ta tsofaffi ce, in kin ga dama ki ɗauka. Abin da kike nema, gajere kuma mai ban tsoro kuma wanda bai fi ƙarfin yaro ba, ai siffar gatana ce kike ta zayyanawa ba ki ambaci sunanta ba. Kuma tana nan a intanet jibgi guda, matsalar dai ba a inda matasa ke dubawa take ba.

Ki shiga Internet Archive, kyauta ne, ana sauke littafi a PDF. Ki buga Magana Hausa na Schön, bugun 1885. Wani ɗan mishan ne Bajamushe, amma maganar da ke ciki da yawanta daga bakin Dorugu ta fito, wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka ƴanta shi, ya bi Bature mai yawon bincike Heinrich Barth har Ingila a 1855. Wato Hausar ƙasarmu ce ta wancan zamani, da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi. Sannan ki buga Hausa Folk-Lore na Rattray, 1913, juzu'i biyu. Shi wannan wani Malam Shaihu ne ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Gana yanzu, an buga hoton rubutun malamin da hannunsa, ga boko a gefe. Wanda ya fi su girma shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da yawansa daga malaman Sakkwato aka tattaro, don haka ɗiyan yayyenki na Tawa za su ji harshen kamar na kakarsu. In kin same shi, a intanet ne ko a wani laburare, ki riƙe da kyau.

Amma in gargaɗe ki kan abu biyu. Rubutun boko na lokacin bai zauna ba, babu ƙ da ɗ da ɓ irin namu na yau, za ki ga "ch" inda muke sa "c", za ki ga an ninka baƙi inda ba ya ninkuwa, an haɗe kalmomi an raba wasu. Maganinsa ki karanta da ƙarfi, kunne zai gane abin da ido ya kasa. Na biyu, waɗannan ba littattafan yara ba ne, Turawan sun kwashi duk abin da aka faɗa masu, akwai na batsa a ciki, akwai na yanka da cin mutum ƙiri-ƙiri. Kada ki miƙa wa yaro waya. Ke za ki karanta da rana, ki zaɓa, ki riƙe a kai, da dare ki faɗa da bakinki. Gatanar da aka karanta daga waya rabin ranta ya fita, don mai faɗa idonsa na kan rubutu ba kan fuskar yara ba, ba zai san inda zai ja numfashi ba.

In kina son masu sa tsigar jiki tashi, ki nemi na Dodo. Akwai ta yarinyar da ta ce ba ta auren mai tabo ko ɗaya a jiki, samarin gari duk ta kore su, sai ga baƙo ya zo fes ba ko ƙwarzane, aka ɗaura aure, suka kama hanyar garinsu, a hanya ya fara mayar da kayan aro, wannan ya karɓi rigarsa, wancan ya karɓi ƙafarsa, har abin da ya rage ya rage. Wannan kowace ƙasa da yadda take faɗinta, wasu su ce maciji ne wasu su ce Dodo. Ƴan shekara 12 zuwa 15 ɗin nan naki, musamman matan, ita za ki ba su. Ƙananan kuwa Gizo da Ƙoƙi da kura sun ishe su, tsoron kaɗan dariyar da yawa.

Don karatunki ke, kada ki raina Magana Jari Ce ta Abubakar Imam don an ce littafin lakkwal ne. Tun ƙarshen shekarun 1930 aka buga shi, juzu'i uku, kuma gininsa daidai da buƙatarki, aku ne ke ba da labari ɗaya bayan ɗaya, kowane na tsaye da ƙafarsa, kina iya karanta guda ki rufe. Akwai masu karanta shi da murya a YouTube. Ƙananan yara kuma ki duba African Storybook da StoryWeaver, suna da littattafai masu zane cikin Hausa, kyauta, ana saukewa.

Abin da ke ci mani rai shi ne nan Yamai muna da CELHTO, ofishin Tarayyar Afirka da aikinsa ke nan tun 1968, tattara adabin baka, ga cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, ga Bubu Hama da ya rubuta tatsuniyoyin Nijar juzu'i-juzu'i da Faransanci, amma yaranmu sun fi sanin kabewar Amurka. Laifin namu ne mu manya da muka bar hira ta koma hannun talabijin.

Abu Sumayya ya rubuta:

Salamu alaikum. Ƴar'uwa ba don in ɓata maki shiri ba, amma wannan Halloween ɗin ki san asalinsa kafin ki shigo da shi gida. Bikin daren 31 ga Oktoba ne, tushensa tsofaffin al'adun mutanen Ailan da Sikotlan na cewa a daren matattu na kusantar rayayyu, daga baya ya haɗu da jajibirin wata ranar coci, Amurkawa suka mai da shi kasuwar alawa da kayan sawa. Babu ruwan musulmi da shi. Sannan aljanu ba wasa ba ne, halittar Allah ne, sura guda ce sukutum a Alƙur'ani da sunansu. Yaron da aka cusa ma tsoron aljani fiye da tsoron Allah gobe shi ne zai kasa fita alwalar asuba, shi ne kuma boka zai samu da sauƙi. Kin ga dai abin da ke faruwa a makarantun ƴan mata, ɗaya ta faɗi sauran su bi. In hira kike so ga ƙissoshin Annabawa, ga Ashabul Kahfi, ga labarin Annabi Sulaimana da aljanun ma kansu suna yi masa aiki. Allah ya sa mu dace.

Ƴar Bukoki ta rubuta:

Amin Malam, na gode da tunatarwa. Ni ma ba Halloween zan yi ba, Oktoba ma ai ta wuce, ba wanda zai fafe kabewa a gidanmu, Hajiya ma sai ta ce an yi almubazzaranci da kayan miya. Hira ce kawai irin wadda aka yi mana muna ƙanana, kuma ba mai kwanciya sai ya yi Ayatul Kursiyyu da Ƙul huwallahu da Falaƙi da Nasi. Ƙissoshin ma za mu sa in sha Allah.

Baba Mushe Allah ya ƙara girma, na sauke na Rattray yanzu, gaskiyarku rubutun sai a hankali, amma da na ɗaga murya sai ga shi yana fita. Yaya na Geben Zogi mersi da dabarar 144p. Har yanzu dai ina jiran wanda zai ba ni na tsoro irin na zamani, don manyan yaran in na ce Dodo za su ce tanti ta raina masu wayo.

Maman Biyu, Tawa, ta rubuta:

Ƙanwata bari in shigo, tun ɗazu nike karantawa ina dariya. Malam ya yi gaskiya rabi. Tsoratar da yaro har shi kasa zuwa bayan ɗaki ba kyau, amma mu da anka yi muna gatanar Dodo ga mu nan ba mu zama matsorata ba, don tsohuwa ta san aikinta, tana kai ku bakin rami ta maido ku, ta ruhe da ƙurunƙus kan kusu, kowa ya san ƙarya ce an watse. Abin da ke lalata yara shi ne bidiyon da ba shi da ƙurunƙus, wanda za a ce maka "wannan da gaske ya faru" a nuna yarinya tana birgima malami na tofi. Wannan ɗiyar wasu ce, ciwo gare ta ko mi ne ne, an ɗauke ta an watsa ma duniya don a samu mabiya. Ni ko a gurup anka turo gogewa nike. Haka na maita, ki kiyaye shi ƙwarai, don yaro in ya ji labarin mayya mai kama kurwa gobe tsohuwar maƙwabta da ba ta da kowa zai fara nunawa da yatsa, kuma mun san inda irin wagga magana ke kai mutane. Dodo ba shi da gida a unguwa, mayya kuwa sai an laƙa ma wata.

Kin ce na zamani. To ga wanda anka tsorata mu da shi muna kolej, ba a littafi na gani ba, baki-baki ne. Wai wani ɗan kabu-kabu ne dare ya raba shina komawa gida, sanyi na busawa gari tsit, sai ga mace bakin hanya ta sha lulluɓi, ƙamshin turare hat inda yake. Ta ce shi kai ta bayan gari. Ya ce dare ya yi, ta ce ko nawa ne za ta biya. Ta hau. Suna tahiya shina jin babur ya yi nauyi awa ya ɗauko buhun gero uku, ya dai yi shiru. Sunka wuce gidajen ƙarshe, ta ce nan. Ba gida ba bukka, tsamiya ce guda tsaye. Ta miƙo kuɗi, kuɗin ya faɗi ƙasa, ya duƙa shi ɗauka, hitilar babur ta haska ƙasan zanenta, sai ya ga kofato. Ƙafar jaki. Bai san sa'adda ya yar da babur ya zuba da gudu ba. Gudu gudu hat ya hango wuta, wani mai shayi bai tashi ba, ya faɗa kan benci shina haki. Mai shayi ya ce lahiya samari? Ya kwashe duka ya gaya mai. Mai shayi ya ci gaba da firfita gawayi bai ko ɗago ba, can ya ce, ƙafar jaki ka ce? Ya ce wallahi. Sai mai shayi ya ɗage rigarshi a hankali ya miƙo ƙafa cikin hasken wuta ya ce, irin wagga?

Nan za ki tsaya. Kada ki ƙara komi, kada ki ce ya suma ko ya haukace. In kina da wayo ki lulluɓe ƙafarki da bargo tun farkon labari, wajen "irin wagga" ki turo ta waje, za ki ga yadda ƴan shekara 15 ɗin ke hawa kan juna. Ƙananan ki tura su barci tukuna.

Irin waɗanga ba a tashar kowa za ki same su ba, a ƙasan rubutun Facebook suke. Ki lura in wani shahi ya tambaya "wane abin tsoro ka taɓa gani", ki bar rubutun ki shiga sharhin mutane, nan ne direbobin dare da masu gadi da ƴan kwana a lisse ke zazzage nasu, layi biyar layi goma, wasu ƙarya ce bayyananna amma an iya ta. Ki kwahi masu kyau ki aje, ki gyara da bakinki, ki canza wurin ya koma inda yaran sunka sani. Ku na Yamai ga kogin Isa a gabanku, maƙwabtanku Zabarmawa na da labaran Harakwai Dikko ta ruwa, ga gadar Kennedy da tsakar dare, mi kike nema da gidan fatalwar Turawa mai bene da matakala? Yaronmu bai san wannan tsoron ba. Shi tsoronshi guguwa da tsakar rana, juji bayan magariba, kukar da ba a sarewa, a kira sunanka cikin dare ka amsa ba ka ga kowa ba.

Batun lokaci kuma, mu ai muna da namu. Ɗari shi ne lokacin gatana, an gama aikin gona, hatsi na rumbu, dare ya yi tsawo, kowa na gindin wuta. Kuma ba a yin ta da rana, ana ce muna wanda ya yi zai ɓace, dabarar tsohi ce don kada a bar aiki. In kuwa shigar ban tsoro da bi gida-gida ce ta burge su a TikTok, ki tuna masu da tashe, azumi na kai kwana goma yara na shafa toka da bula su sa gemun auduga su bi gidaje ana ba su hatsi da canji, ku nan Yamai kuna da tobai-tobai. Su jira azumi su yi nasu.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi so ki yi. Kin ce wasu yaran daga Tawa za su zo. Ki sa uwarsu kahin su taso ta zauna da wata tsohuwar gidan ta danna vokal, ta ce Inna yi muna gatana. Tsohuwa za ta yi ta noƙewa tana cewa ta mance, a ƙyale ta, a fara mata da kuskure da gangan, za ki ji ta karɓe tana gyarawa hat da waƙar. Mu haka munka yi a gurup ɗin danginmu, ƴan'uwanmu da ke bida a Abijan su ne ma sunka fi kowa roƙon a ƙaro, wai ɗiyansu na jin Hausa ta nan. Vokal na minti biyar ba shi cin mega da yawa.

Ɗan Geben Zogi ya rubuta:

Kai Maman Biyu Allah shi isa, ina shago ni ɗaya nike karantawa kuma mai shayin ƙohwarmu doguwar riga gare shi.

Amma ba kabu-kabu ba ne hwa. Mu yadda munka ji shi direban babbar mota ne a hanyar Konni, kuma ba mai shayi ba, wanda ya tsaya taimakonshi ne da wata mota. Wani abokina ɗan Maraɗi ya rantse a garinsu anka yi, wani kuma ya ce shi a Abijan ya fara jin shi da Faransanci. Kowa dai da ƙanen abokin wanda abin ya faru da shi.

Ƴar Bukoki, tunda kin ce manyan na son na zamani, fina-finan Hausa na aljanu da fatalwa na nan a YouTube in kin buga, amma ni ban ba ki shawara ba, dogaye ne, forfe za su cinye, kuma da an zo wurin tsoron sai ki ga an shafa ma mutum hoda an sa mai jan ido na kwamfuta, yara su fashe da dariya. Murya cikin duhu ta fi, don kowane yaro da kanshi zai zana abin a kai.

In kuma wata rana kin ga littafin kuɗi da ya burge ki, ki san yawancin marubutan Najeriya suke, da naira ake biya, wasu na da wakiliya nan Nijar mai karɓar sefa ta Nita ko Amana. Ki tabbata lambar daga bakin marubuciyar ta fito cikin fejin littafin, don akwai masu kwashe littafin mutane su buɗe gurup su riƙa saidawa, ki biya su toshe ki.

Maman Biyu, vokal ɗin Innar taku ana iya samun ko guda? Wadda ke da waƙa nike so, tamu tsohuwar ta rasu ba mu ɗauki komi ba.

Maman Biyu, Tawa, ta rubuta:

Allah shi jiƙanta shi gafarta mata. Sai na tambaye ta tukuna, ba ta son muryarta na yawo wajen baƙi. In ta yarda zan sa nan. Kuma kabu-kabu ne, direban babbar mota ina shi ina jin nauyin mutum guda.